Farcen Baffa Nata'ala

"Miƙo hannun, Baffa. A'a, ba wannan ba, wanda kake ɓoyewa a cikin riga."

Ina tsaye a bakin tsakar gidansu riƙe da kwanon dambun da Umma ta aiko ni da shi. Na yi sallama sau biyu ba wanda ya ji. Anti 'Yardada ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta kama yatsunsa tana juya su a hasken rana kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shi kuwa Baffa Nata'ala yana zaune kan tabarma, ya jingina da bango, yana wani murmushi irin na wanda aka kama da laifin da ba ya jin kunyarsa.

"Ka koma marina," in ji ta.

"Ni? Lambu nake zuwa."

"Lambu ne yake rina farce? Baffa, ka rantse min fa. A gaban likita ka ce ka bari."

"To ai na bari."

"Ka bari, shi ne shunin ya biyo ka gida da ƙafarsa?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Sai da tarin ya lafa ta juyo ta gan ni.

Baffa Nata'ala maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a lungun da ke bayan marinar Ƙofar Mata. Marini ne, ya fi shekara hamsin yana tsoma zane a rami. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa da wani launi ba sai shuɗi, tun daga farce har gwiwar hannu. Muna yara in ya shafa mana kai, gudu muke mu duba madubi ko ya bar mana shaida. Wata bakwai kafin wannan rana ya yanke jiki ya faɗi a bakin raminsa da jiƙaƙƙen zane a hannu. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi, sai shan magani da ɗan tattaki a hankali kowace yamma. Anti 'Yardada, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta kuma take koyarwa a firamare, ita ta sa shi ya rantse ya bar rini.

A wata bakwan nan mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Fatar hannunsa ta koɗe. Farcensa ya riƙa tsirowa fari daga gindi, yana tura shuɗin zuwa baki, ana yankewa, har ya ƙare tas. Daga nan Baffa ya koyi ɓoye hannu a cikin riga. Ko gaisawa zai yi sai ya miƙa shi da sauri ya janye, kamar na aro. Sai ga shi kuma cikin 'yan kwanakin nan shuɗin ya dawo.

"Yauwa, Ikram, Allah ne ya kawo ki," in ji Anti. "Ke ba ki iya magana ba ma balle ƙarya. Daga gobe ke za ki riƙa raka shi lambun nan. Duk inda ya taka ki zo ki faɗa min. Zan roƙi Ummanki."

Baffa ya dube ni, ni kuma na dubi takalminsa.

"An ba ni 'yar sanda ke nan," ya ce. "To madalla. Ajiye dambun, ranki ya daɗe, kada ki kama ni da yunwa."

Gaskiya Anti ta faɗa. Ina aji biyar a sakandare, amma in malami ya kira sunana sai muryata ta gudu ta bar ni ina tauna bakin hijabi. Karatu kawai na iya. Ko takardar da aka ƙunso ƙosai sai na karanta ta kafin na yar.

Washegari bayan la'asar muka fita. Ba mu bi ta gaban marina ba. Baffa ya zaga ta wani siririn lungu mai kwata a tsakiya, wai kada warin ramin ya kira sunansa. Yana gaba da sandarsa, ina baya da robar ruwan da ya ce na riƙe. Lokacin ƙarshen bazara ne, gari ya yi tsit da zafi. Kullum hadari sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi cida, sannan ya watse ba ko ɗigo. Sau uku Baffa ya tsaya a hanya. Ba ya cewa ya gaji. Sai ya tsaya yana karanta allon wani shago kamar yau ya fara ganinsa, ko ya tambayi mai facin taya lafiyar iyali.

Lambun ɗan ƙarami ne, can wajen Ƙofar Nassarawa. An yi shi don shaƙatawar mutanen unguwa, amma ya kwana biyu ba a kula da shi ba. Ƙofar ƙarfe ce da koren fenti da ya ɓare. Daga ciki akwai itatuwan darbejiya, da bencuna na siminti, da lilo uku, ɗaya sarƙarsa ta tsinke. A tsakiya akwai wani kada na siminti da aka ce da ruwa yake fesowa ta bakinsa. Yanzu bakin a buɗe kawai yake, yara sun cusa masa ledojin ruwa. Hankaki sun fi mutane yawa.

Mai gadin, Malam Jibrin, wani dogon dattijo mai haƙorin goro, ya taso ya riƙe hannun Baffa bai saki ba.

"A'a! Malam, ashe an koma fage? Wannan ai hannun da na sani ne."

Baffa ya ɗaga yatsunsa sama yana kallo, fuskarsa ta washe.

"Daga ciki yake fitowa, Jibrin. Shekara hamsin jiki yana sha, ai dole wata rana ƙashi ya amayar."

"Ƙwarai kuwa. Haka kakana majemi. Ya bar jima da shekara goma, amma har ya koma ga Allah in ya yi gumi warin bagaruwa yake."

Suka yi dariya. Ta Baffa ta sake komawa tari.

Bencinsa shi ne na ƙarshe, kusa da wani famfo da ke ɗiga. A gefen famfon wani ɗan tsiro ya fito, bai kai gwiwata ba, da ƙananan ganye jere bibbiyu. Baffa ya karɓi robar ya tsiyaya masa ruwa daga tsaye.

"Kin san wannan?"

Na girgiza kai.

"'Yar Ƙofar Mata ba ta san baba ba! Shi ne uban rinin gaba ɗaya. Ban san wa ya kawo irinsa nan ba, tsuntsu ko iska. Jibrin ya so ya nome shi, na ce in ya taɓa shi sai mun je gaban mai unguwa."

Na ji daɗi a raina, na ce to ga inda shuɗin yake fitowa. Amma har muka tashi bai taɓa ganyen ba. Washegari ma haka. "Bai isa yanka ba," ya ce, "ba a taɓa yaro."

A bencin nan ya riƙa ba ni labarin rini, ba don na tambaya ba. Yadda ake zuba baba da toka da kanwa a rami a bar su su kwana su tashi har makonni. Yadda gwani yake sanin rami ya nuna daga kumfarsa.

"Mutane suna zaton ramin ne yake rini," ya ce. "A'a. Zane kore yake fitowa, kamar ganyen rama. Sai ka ɗaga shi sama, ka bar shi ya sha iska, a gaban idonka ya juya. Iska ce mariniyar, mu 'yan aikenta ne."

Yana magana yana yanka ta gutsu-gutsu, yana tsayawa a inda ba a tsayawa. Ni kuwa da yake ba na kallon fuskar babba, hannunsa na ƙura wa ido a kan sandar. A rana ta uku na lura da abin da ya hana ni cin tuwo. Fatar yatsunsa fes take. Bakin farcen ma fari ne. Shuɗin a gindi yake, a ƙarƙashin farce, kamar abin da aka hango ta cikin gilashi. Ni kuma na girma a Ƙofar Mata. Na san shuni fata yake fara kamawa.

Akwai wani tsohon littafin kiwon lafiya da yayana ya bari, bangonsa ya cire. Na taɓa karance shi lokacin hutu don ba ni da wani. Da na koma gida na zaro shi daga ƙarƙashin katifa, na yi ta buɗawa har na samu wurin. Layi uku ne kacal. An ce idan zuciya ta kasa, jini bai samu isasshiyar iska ba, gindin farce da leɓe da harshe sukan yi shuɗi-shuɗi, kuma a gaggauta kai mai wannan alama asibiti.

Leɓe. Ni ban taɓa kallon bakin Baffa Nata'ala ba. Da takalminsa na san shi, da sandarsa, da muryarsa ta bayan katanga.

Washegari sau biyar ya tsaya. A lambu ya saya min yalo wajen wata mai talla, shi kuma ya ɗaga robar zai kurɓi ruwa. Na ɗago ido da sauri kamar ɓarauniya. Cikin leɓensa na ƙasa launin toka ne da aka cuɗa da shuni. Na mayar da kai ƙasa. Wata iska mai zafi ta taso, lilon da ba kowa a kai ya fara kai da komo yana ƙara, ƙiii, ƙiii.

"Ba ki cin yalon?"

"Ina ci, Baffa."

Kowace yamma Anti tana jira na a zaure.

"Ina kuka je?"

"Lambu."

"Daga nan fa?"

"Gida."

"Da safe fa da nake makaranta? Ke ma kina makaranta ko? To shi ke nan, da safe yake sulalewa. Ko kuwa ya saye ki da yalo."

"Anti, farcen..."

"Farcen me?"

Maganar tana nan a kaina, layi uku, na haddace su. Amma yaya zan faɗe su? In ce mata mahaifinki da ke zaune can yana jan carbi jininsa ba iska? Na ji bakin hijabi a tsakanin haƙorana.

"Ba komai."

Ta yi ajiyar zuciya, sai kuma ta yi ɗan murmushi, ta rage murya.

"Kin san wani abu? Faɗa nake, amma wallahi ta wani gefen daɗi nake ji. Ranar komawarsa asibiti ta wuce tun satin jiya, ya ce shi ya warke. Na so na matsa, sai na ce mutumin da ya iya ɗaga jiƙaƙƙen zane daga rami ai da sauƙi. Kada ki faɗa masa na ce haka."

Na koma gida. Umma tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ce kaɗai nake iya yi wa doguwar magana, don haka na tsuguna na faɗa mata duka, har na ɗauko littafin. Ba ta ko kalle shi ba. Ta ajiye rariya.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Mutum yana yawo da ƙafarsa ki ɗora masa ciwon ajali? A'uzu billahi."

"Umma, a rubuce yake."

"Wanda ya rubuta ɗan Ƙofar Mata ne? Ya taɓa ganin marini? Mutumin da ya haifi sa'ar uwarki ya ce shuni ne, mai gadi ya ce shuni ne, 'yarsa ta ce shuni ne, sai ke da aka haifa jiya? Kada na ji maganar nan a waje. So kike a ce 'yar gidan nan tana yi wa maƙwabci mugun baki? Karatun nan naki, Ikram, ina jin tsoronsa."

Na mayar da littafin ƙarƙashin katifa. Na ce wataƙila Umma ce da gaskiya. Na taɓa karanta alamomin wata cuta na kwana uku ina jin duk ina da su.

Haka muka ci gaba. Kullum hadari, kullum ba ruwa. Na daina ƙirga allunan shagunan da yake karantawa. Ƙafafunsa suka fara cika takalmi, har ya koma take bayansa. Amma ya daina ɓoye hannu. A ƙofar masallaci sai ya miƙa shi gaba ɗaya, ya bari a riƙe. Na ji wani tsoho ya ce masa, "An koma 'yar gidan jiya ke nan," shi kuma bai musa ba. Ta bayan katangarmu kuwa, da asuba, ba na jin karatunsa kamar da. Sai tari, da ƙarar jan kujera, don ya daina iya kwanciya miƙe.

Ranar Alhamis, kwana tara da na buɗe littafin, na sa shi a jakata. Na ce in bakina ya ƙi, zan buɗe shafin na miƙa wa Anti kawai, Umma ta yanka ni in ta so. Na shiga gidan ban same ta ba. Baffa ne kaɗai, ya sa babbar rigarsa mai sheƙi wadda ya rina da hannunsa, wadda sai Juma'a yake sawa.

"Uwar ɗakinki ta tafi marina," ya ce. "Wai za ta je ta ci mutuncin waɗanda suke ba ni rami. Allah ya ba su haƙuri. Ɗauko robar."

"Baffa, hadari ne fa."

"Kullum ma hadari ne."

Ban san yadda muka isa ba. A tsayawa ta ƙarshe bai nemi allon da zai karanta ba, ya dafa bango kawai. Sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen gabas. Lambun ba kowa, masu talla sun gudu, Malam Jibrin yana can yana tattara tabarmarsa. Hankakin ma sun yi shiru a cikin darbejiya. Baffa ya zauna a bencinsa. Bai karɓi robar ba. Ya nuna min tsiron da haɓa, na zuba. Ina jin numfashinsa daga inda nake, kamar ana jan ruwa da siririn kara.

Na tsaya a gabansa. Na cire hijabin daga bakina. Na kalle shi a fuska, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi wa wani babba ba. Ashe yana da wani ɗan tabo a gira.

"Baffa, ba shuni ba ne."

Bai yi fushi ba. Ya daɗe yana kallo na.

"Ashe 'yar sandan tana da murya."

"A littafi na gani. Zuciyar ce. Jinin ne ba ya..."

"Ikram." Ya ɗaga hannu. "Ni za ki koya wa shuni? Shuni daga waje yake shiga. Ranar da na fara ganin wannan na san ba nawa ba ne."

"To me ya sa..."

"Wata shida ina yawo da hannun wani." Ya tsaya ya nemi iska. "Wani baƙo a masallaci ya gaishe ni, ya ce Malam wace sana'a ake yi. A Ƙofar Mata. Ni." Ya sake tsayawa. "In na je asibiti za su kwantar da ni, su sa min roba. Ki bar ni da hannuwana haka, 'yar nan. Kwana nawa ne? Zauna. Ruwa zai sauko yau, ina jin ƙamshinsa."

Na zauna. Allah ya sani na zauna, don babba ya ce na zauna. Na ɗora jakar a cinya ina jin tudun littafin. Lilo ya fara ƙararsa. Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannunsa, babba, bai share ba. Sai na ga kansa yana sunkuyawa a hankali, sandar tana zamewa daga tsakanin gwiwoyinsa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji wata tana ihu, "Malam Jibrin! Malam Jibrin! A kawo agaji!" da wata irin murya da ta cika lambun har hankaki suka tashi gaba ɗaya. Sai daga baya na gane tawa ce. Na ji Baffa a bayana yana cewa, "Ke, ke," ban juya ba.

Malam Jibrin ya tare adaidaita sahu a bakin titi. Shi da direban suka ɗauko Baffa, ni na riƙo sanda da takalmi ɗaya da ya faɗi. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. A cunkoson Ƙofar Nassarawa Malam Jibrin ya miƙo min wayarsa, na danna lambar Anti da na haddace.

Ta ɗauka tana haki, ban ko yi sallama ba ta fara. "Wane ne? Ikram? Kuna ina? Sun ce wata bakwai rabon su da shi! Sun rantse min, har sun nuna min raminsa an rufe da faifai. To in ba rini yake ba, mene ne a hannunsa? Ikram, mene ne a hannunsa?"

Na faɗa mata layi ukun, duka, ban tsallake ko kalma ba.

Ranar Asabar Umma ta kai ni dubiya. A hanya ta riƙe hannuna wajen tsallaka titi, abin da ta daina tun ina firamare. Mun same shi a jingine da matasai uku, an rufe masa hanci da baki da roba, wata tukunyar iska tana huci a gefen gado. Anti tana zaune a ƙasa ta ɗora kai a bakin katifa. Hannuwansa suna kan zanen gado. Farcen ya washe, fari tas, kamar na jariri.

Ya ga inda nake kallo. A hankali ya ja zanen ya rufe su.

Umma ta gaishe shi, ta zungure ni. Na durƙusa.

"Baffa, ka yafe min."

Ya zaro hannu ɗaya ya ɗaga robar kaɗan.

"Kwana nawa kika yi da sani?"

"Tara."

"Ni ashirin." Idonsa ya yi ɗan ƙyalli. "Kin fi ni surutu." Ya numfasa. "An zuba wa yaron nan na lambu ruwa?"

"Ana ta ruwan sama, Baffa."

"To."

Nas ta zo ta mayar masa da robar tana faɗa. Ya mayar da hannun ƙarƙashin zane. Ban sani ba har yau ko wannan yafewa ce.

Ranar Lahadi da hantsi ina wanke kwanuka na ji salati ya tashi ta bayan katanga. Umma ta saki tsintsiya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ɗauki mayafi. A bakin ƙofa ta juyo ta dube ni, sannan ta fita.

Bayan azahar aka fito da shi. Na leƙa ta tsagar ƙofar zaurenmu. Lungun ya cika har kwata ba a gani. Ban ga fuskoki ba, don tsagar ba ta kai nan ba. Makara na gani tana wucewa, da farin likkafani, da hannuwan da suka ɗauke ta. Mutanen marina ne suka karɓe ta tun daga ƙofar gida. Hannu takwas, goma, duk shuɗi har gwiwa, wani yana saki wani yana kamawa.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Anti 'Yardada ta yi sallama a gidanmu da la'asar. Ta rame, muryarta ta dushe.

"Umman Ikram, ara min ita. So nake ta kai ni lambun nan. Ban taɓa zuwa ba."

Na bi da ita ta siririn lungun. Ban nuna mata wuraren da yake tsayawa ba, amma ƙafata ta riƙa rage sauri a kowanne, ina jin ta lura. Malam Jibrin ya taso ya yi mata ta'aziyya, sannan ya kalli ƙasa ya koma kan tabarmarsa. Ruwa ya wanke lambun. Ciyawa ta fito, bakin kadan ya cika da ruwan sama, wasu yara biyu suna faɗa a kan lilo.

Muka zauna a bencin ƙarshe.

"Anti," na ce, "kwana tara na yi da sani. Da na faɗa tun..."

"Ni kwana ashirin na yi ina riƙe hannun nan kullum ina masa faɗa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Likita ya ce wataƙila da an ƙara wata biyu, wataƙila ba a ƙara ba. Ban sani ba, Ikram. Abin da na sani, kwana ukun nan na samu na ce masa na yarda bai karya rantsuwa ba. Kin san me ya ce? Wai saura kaɗan ya karya ta."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Sai idonta ya kai gefen famfo.

"Wannan fa?"

"Baba ne. Shi yake ba wa ruwa. Ya ce bai isa yanka ba."

Tsiron ya ƙara tsawo, ya wuce gwiwa, ya fitar da wasu 'yan furanni ja-ja. Anti ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sunkuya ta tsinki ganye uku daga can ƙasa, ta murza su a kan farcen babban yatsanta har suka yi ruwa. Ta share tuƙar ta duba.

"Kore ne," ta ce.

"Sai ya sha iska."

Ta ɗaga yatsan sama kaɗan, ta jingina gwiwar hannu a kan bencin. Muka zuba masa ido, famfon yana ɗiga a gefenmu.